Sandar da Gwaggo Ta Ɓoye

Ku da kuka cika mini waya da "ya ƙafa, Kyaftin?", na gode ƙwarai. Ƙafa tana nan, ni ma ina nan. Amma abin da ya faru a gidanmu makon nan ya wuce a amsa shi a layi ɗaya, don haka ku gyara zama.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: ƙwallon hannu nake bugawa, ni ce kyaftin ɗin 'yan matan kamfanin sabulun da nake wa aiki. A wasan kusa da na ƙarshe na bana na yi tsalle zan jefa ƙwallo a raga, wata ta bangaje ni a sama, na diro da ƙafar hagu ita kaɗai. Gwiwar ta murɗe ta ciki. Na ji ƙas! kamar an karya busasshen itace, kuma wallahi har waɗanda ke zaune a layin gaba sun ji. Likita ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar daga ciki ta tsinke, kuma ba ta ɗinkuwa. Sai aka ciro wata daga bayan cinyata aka dasa a madadinta. Na farka na ga ƙafata cikin ƙarfe da maɗauri tun daga cinya har idon sawu, kamar kayan da za a aika wani gari.

Kada wani ya ce muku aikin ne wahala. Aikin ai barci na yi. Wahalar tana ɗakin gashin ƙashi na asibiti, a hannun wata mata gajeriya mai faɗin kafaɗa da marasa lafiya suka sa wa suna Anti Soja. Ranar farko ta kwantar da ni ta ce, "Ɗaga ƙafar a miƙe." Ni da nake tashi sama in wuce kan masu tsaron gida, na umarci ƙafata ta ɗaga, ta yi kamar ba da ita nake ba. Cinyar ta tsotse, ta yi laushi kamar ta jariri. Na fashe da kuka. Anti Soja ta miƙo mini tawul ta ce, "Ki yi kukan, amma ki yi shi kina ɗagawa. Lokacina na da tsada."

To, tun daga ranar nake ta fama. Daga sanda biyu na dawo ɗaya. Ita ɗayar kuwa Anti ta ce ko banɗaki za ni kada in bar ta, sai ranar da ita da bakinta ta sallame ni.

Yanzu bari in kawo muku mutumin. 'Yan ƙungiyarmu suna ce masa Mai Gilashi. Shi ke buga mana lamba da suna a bayan rigunan wasa. Wata rana ya kawo riguna filin atisaye, ya ce zai tsaya kaɗan ya ga ko lambobin sun zauna daidai. Lambobin nan har yau bai gama dubawa ba. Bai sake rasa wasanmu ba, kullum yana layin gaba da farar rigarsa mai guntun hannu, yatsunsa da sauran tawada. Yana nan zaune ranar da na faɗi. Shi ya ɗauko jakata da takalmina ya biyo mu asibiti, gilashinsa a karkace, bai ma sani ba.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi mini jinya ta waya da ta ƙafa. Shi ya sayo robar ƙanƙarar da nake ɗorawa a gwiwa. Shi ya ɗaura ƙarfen dafawa a banɗakinmu. Safe da yamma saƙonsa na shigowa:

"Kin sa ƙanƙara?"

"Na sa, ranka ya daɗe."

"Matashin a ƙarƙashin dunduniya fa, ba ƙarƙashin gwiwa ba."

"To, likita."

Amma abu biyu na lura. Bai taɓa raka ni ɗakin gashi ba, kullum da uzuri: injin ya tsaya, mai aiki na jira. Sannan duk ranar da na rubuta masa, "Anti ta ce in na dage, baɗi war haka ina fili," sai amsa ta zo, "Allah ya ƙara sauƙi. Kin ci abinci?" Na ga abin, na kau da kai. Ku ma kun san yadda zuciya take idan ba ta son ganin abu.

Sai ga shi ranar nan ya rubuto cewa yayarsa za ta zo duba ni. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ce uwa, ita ce uba. Duk wanda ya san gidansu ya san in ba ta ɗaga kai ba, ba a ɗaura komai.

Mama na jin haka ta kira Gwaggo, yayar Baba. Kuskuren da aka yi ke nan.

Da safiyar ranar ina da gashi. Anti Soja ta nuna mini keken nan na tsaye da ke bakin taga, wanda na daɗe ina hawa ina rabin zagaye in dawo baya, don gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa yadda za ta kai feda sama.

"Yau za ki zagaya," in ji ta.

"Anti, yau ina da baƙi. Kada ta kumbura."

"Baƙin ne za su taka miki ƙafar? Hau."

Na hau. Gaba, baya. Gaba, baya. Kowane turawa sai in ji kamar ana jan igiya a cikin gwiwar. Gumi ya jiƙa mini ɗankwali. Wani tsoho da ke gashin kafaɗa a gadon kusa ya daina nasa ya zuba mini ido. Na cije leɓe, na ɗan ɗaga ƙugu, Anti ta daka mini tsawa, "Zauna daidai, ban son wayo!" Na zauna, na tura da dukkan abin da Allah ya ba ni. Feda ta hau, ta tsaya a can sama kamar tana shawara, sai ta sulale ta gangara gaba.

Na zagaya. Jama'a, na zagaya!

Tsohon nan ya buga tafi da hannunsa mai lafiya a cinya. Anti Soja ba ta yi murmushi ba, amma na ga ta juya tana gyara tawul ɗin da ba abin da ya same shi. Ta ce, "Yanzu kika fara zama mutum. Ƙara." Na ci kofi a rayuwata, an ɗaga ni a kafaɗa, amma ban taɓa jin kaina ya kai sama kamar a kan keken nan da ba ya zuwa ko'ina ba.

Da wannan farin cikin na iso gida, na tarar an juya falonmu. An shimfiɗa sabon kafet ɗin da Mama ke ɓoyo, an fito da kofunan gilashi masu bakin zinariya, an ɗauke kujerar roba da nake ɗora ƙafa. Gwaggo na tsakiyar ɗaki da mayafi a ƙugu tana ba da umarni.

"Yauwa, ga gurguwar tamu. Zo nan."

"Gwaggo, ina wuni. Yau na zagaya keke!"

"Keke? Ana maganar aure kina maganar keke. Cire wandon nan na 'yan dambe."

Ta fito da doguwar rigata mai ruwan zuma, wadda ke jan ƙasa, ta sa na zura a kan ƙarfen gwiwar. Ta ja da baya ta ƙare mini kallo, ta gyara mini mayafi, ta fesa mini turare har na yi atishawa. Ta zaunar da ni a kujerar da ke nesa da ƙofa, ta baza rigar ta rufe har yatsuna. Sannan ta ɗauki sandata.

"Gwaggo, ina za ki kai ta?"

"Inda ido ba zai gan ta ba. Ki saurare ni, 'yar nan. Matar nan ba duba ki za ta zo yi ba, duba ƙafar za ta zo yi. Babu macen da za ta so ɗan'uwanta ya kwaso jinya. Ki zauna a nan kamar an dasa ki. In ta tambaya, ki ce targaɗe ne, ya warke."

Na kalli Mama. Mama ta sunkuyar da kai tana goge kofin da ta riga ta goge. Ta ce a hankali, "Ki yi haƙuri, na ɗan lokaci ne." Baba kuwa, tsohon direba da ba ya son hayaniyar mata, ya ɗauki rediyonsa ya koma baranda.

Na ji ƙarar sandata tana shigewa ƙarƙashin gadon Mama.

Mota ta tsaya a ƙofar gida. Wayata ta yi ƙara: "Mun iso. Ni zan jira a mota, ku yi ta mata." Na rubuta, "Ka shigo mana ku gaisa da Baba." Ya karanta, bai amsa ba.

Yaya ta shigo. Doguwa ce, siririya, da gilashi irin nasa, da jaka baƙa da ta riƙe a cinya har ta tafi. Ba ta da fara'a, amma ba ta da raini. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Na gaishe ta daga zaune, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na ji kunya ta rufe ni har wuya.

"Ya jikin?" ta tambaye ni.

Kafin in buɗe baki Gwaggo ta cafe. "Ai jiki ya yi kyau! Ɗan targaɗe ne, kin san yaran yanzu da son asibiti. Jiya ma ita ta share gidan nan tas."

Ni da rabona da tsintsiya tun kafin aiki.

Yaya ta kalli Gwaggo, ta kalli rigata da aka baza kamar shanya, ta kalli tiren lemo da ke kan tebur can tsakiyar ɗaki. Ta ce, "To madalla. Ƙanwata, ɗan zubo mini ruwa mana."

Mama ta yunƙura, Gwaggo ta danne mata hannu, ta watso mini ido: tashi, ki daure. Kuma gaskiya zan iya. Taku kaɗan ne. Zan iya cije haƙori in taka ba sanda, in yi murmushi, in koma in zauna. Amma na tuna yadda gwiwar ke rawa in ta gaji, ga ta yau ta sha keke, ga sabon kafet mai santsi. Jijiyar nan da ke cikinta daga jikina aka ciro ta, da kuka da gumi na raine ta har ta kawo yau. In sa ta a caca don a ce ba ni da aibi?

Na ce, "Mama, don Allah miƙo mini sandata. Tana ƙarƙashin gadonki."

Gwaggo ta yi wani sauti kamar ta haɗiyi ƙashi. Mama ta tsaya jim, sai ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito da sandar ba ta kalli kowa ba, amma sai da ta goge ƙurar da ke jikinta da gefen mayafinta kafin ta sa mini a hannu.

Na miƙe yadda aka koya mini. Sanda da ƙafar ciwo tare, sannan mai lafiya. Dunduniya ta fara sauka, sannan yatsu. Ƙarfen yana ƙara a ƙarƙashin rigar, ƙis, ƙis, ban damu ba. Na isa tebur, na zuba ruwa, na kai mata ko ɗigo bai zuba ba. Na rusuna iyakar yadda gwiwar ta yarda.

"Yaya, ba targaɗe ba ne," na ce. "Jijiya ce ta tsinke, aka yi mini aiki. Tunda mu mata ne a ɗakin, bari ki gani da idonki."

Na zauna kusa da ita, na ɗage rigar, na kwance maɗaurin sama. Ga tabon nan, ɗaya ɗan dogo a ƙasan gwiwa, da ƙanana a gefe kamar an ɗiga tawada. Ga cinyar da ba ta kai 'yar'uwarta ba tukuna.

"Da farko ko ɗaga ta ba na iyawa. Yau da safe na zagaya keke. Likita ya ce zan yi tafiya daidai, zan yi gudu, zan ɗauki ɗa in goya. Amma sai na bi ta a hankali, shi ya sa ba na rabuwa da sandar nan."

Yaya ta gyara gilashi ta duba tabon sosai, ba ƙyama a fuskarta. Ta sha ruwan. Ta ce, "Kin burge ni. Na zaci za a yi ta yi mini wasan kwaikwayo har in tafi." Gwaggo ta kama kallon silin.

Zuciyata ta fara sanyi. Sai Yaya ta ajiye kofin.

"Saura magana ɗaya. In an yi auren nan, ƙwallo ta ƙare. Ba fili, ba atisaye. Ki yi mini wannan alkawarin, in tashi in je in fara shiri."

"Ai ta ma daina!" in ji Gwaggo. "Wace ƙwallo kuma? Ta daina tun tuni."

Na mayar da maɗaurin, na ja shi ya kama.

"Yaya, ina girmama ki, kuma ina son ƙaninki, ban ɓoye ba. Amma ba zan yi miki alkawarin da na san ƙarya ne ba. Ban sha wannan wahalar don in iya zuwa kicin kawai ba. Wataƙila in koma fili in ga ba zan iya ba, in ajiye da kaina. Amma ni zan ajiye. Kuma shi ai a fili ya gan ni. Ya san ko ni wace ce, bai taɓa cewa in bari ba."

Yaya ta daɗe tana kallona. Sai na ga wani abu kamar tausayi ya ratsa fuskarta.

"Ƙanwata, ni ko filin ƙwallo ban taɓa shiga ba, me ya dame ni da shi? Ba sharaɗina ba ne. Shi ya roƙe ni in faɗa miki a matsayin nawa, don ya ce ba zai iya kallon idonki ya faɗa ba. Na karɓa don tamkar ɗana ne. Amma ke kin fito mini da gaskiyarki, ba zan tafi in bar ki da ƙarya ba."

Kun san yadda kunne ke yin shiru in an mari mutum? Haka na ji. Duk "kin ci abinci?" ɗin nan suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗauki sandata na nufi ƙofa. Gwaggo na kira, "Ke! Ina za ki? Dawo nan!" A baranda Baba ya rage muryar rediyo. Ashe duk ya ji. Ya dube ni ya ce, "Uwata, a matakala ƙafa mai ciwon ce ke fara sauka." Ya tashi ya buɗe mini ƙyauren, ya koma ya zauna.

Mai Gilashi na jingine da mota yana danna waya. Da ya gan ni sai da wayar ta kusa faɗuwa.

"Kyaftin! Me ya fito da ke? Ƙasan nan ba daidai take ba."

"Na sani, a gidan nan aka haife ni. Me ya sa ka aiko Yaya?"

Ya cire gilashin, ya goge, ya mayar. Ya kalli ƙyauren, ya kalli ƙasa.

"Ta faɗa miki."

"Ta fi ka ƙarfin hali."

Da ya buɗe baki muryarsa ta dushe.

"Ina layin gaba ranar nan. Na ji ƙarar. Har yau in injin ya karya wani abu a shago sai in ji kamar ƙarar gwiwarki ce. Na ga yadda kika riƙe gwiwar kina ihu, ni kuma ina tsaye da jaka, ba abin da zan iya. Ba zan iya sake gani ba, wallahi ba zan iya ba. Ba don na raina wasanki ba ne."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ya taɓa ni. Idonsa ya yi ja, kuma na san ba shiri ba ne. Na so in ce shi ke nan, na bari, kada ka damu. Kalmar ta zo har bakina.

"Kai ka ji ƙarar," na ce. "Ni a jikina ta tashi. Kuma ga ni a tsaye a gabanka. Ka ga faɗuwata, na yarda. Amma ko sau ɗaya ba ka zo ka ga tashina ba. Kullum injin ya tsaya."

"Kyaftin..."

"Tsoronka ban raina shi ba. Da kai ka zo ka faɗa mini, da mun zauna mun yi kuka tare. Ɓuyan da ka yi a bayan Yaya ne ya yi mini ciwo. Gobe da safe ina da gashi. Ka zo ka ga abin da nake yi a ɗakin nan, sannan ka kalli idona ka faɗi sharaɗinka da bakinka. In ba ka zo ba, na gane amsar."

Na juya na hau matakalar, mai lafiya a gaba, ban waiwaya ba. A ƙofa muka yi kiciɓis da Yaya tana fitowa. Ta matsa ta ba ni hanya, ta ce, "Allah ya ƙara lafiya, ƙanwata." Gwaggo kuwa ta naɗe mayafinta ta ce ta wanke hannunta daga lamarina, na kori miji da sanda. Sai da ta cinye biskit ɗin baƙi sannan ta tafi.

Saƙo bai shigo ba ranar. Ko "kin sa ƙanƙara?" babu. Na sa ƙanƙarata da kaina.

Washegari Anti Soja ta tsayar da ni tsakanin ƙarafan dafawa guda biyu, ta karɓe sandar ta jingine a bango.

"Yau za ki tsaya a kan mai ciwon ita kaɗai. Ɗaga ɗayar. Ki zaɓi wuri ɗaya a bango ki kafa masa ido. In kika kalli gefe, kin faɗi."

Na zaɓi wani ɗan ƙusa da ke saman kalanda. Na ɗaga ƙafar dama. Gwiwar ta yi rawa, cinyar ta kama wuta, yatsuna suka ƙanƙame tabarmar roba. Na saki ƙarfe ɗaya. Na saki na biyu. Ta ɗauke ni. Ƙafar da ta ƙi ɗaguwa daga katifa, yau ita ke ɗauke da ni gaba ɗaya.

Ina cikin haka na ji Anti ta je bakin ƙofa ta dawo. Ta tsaya a bayana ta ce ƙasa-ƙasa, "Akwai wani mai gilashi a baranda. Tun ɗazu yake tsaye. Ya ƙi shigowa, ya ƙi tafiya, sai leƙe yake ta taga kamar wanda aka aiko ya manta saƙon. In shigo miki da shi?"

Duk jikina ya so ya juya. Ban ɗauke ido daga ƙusan nan ba.

"Bar shi, Anti," na ce. "Ƙofar a buɗe take, kuma ƙafafunsa biyu lafiyarsu ƙalau."